Bill Pickett, Baƙin Makiyayin Da Ya Riƙa Kayar Da Sa Da Haƙori

Duk wanda ya taɓa biyan kuɗinsa ya shiga gidan silima ya kalli fim ɗin kaboyi, da wuya ya fito bai ɗauka cewa kiwon shanu bisa doki a ƙasar Amurka sana'ar Turawa ce su kaɗai ba. Jarumin fari ne, abokin gabansa fari ne, hatta mai share barga fari ne. Alhali kuwa masana tarihi da dama sun ƙiyasta cewa a cikin kowane makiyaya huɗu da suka kora shanu daga Jihar Teksas zuwa tashoshin jirgin ƙasa na arewa bayan yaƙin basasar Amurka, ɗaya baƙar fata ne. A cikin waɗannan baƙaƙen makiyaya babu wanda sunansa ya kai na Bill Pickett nisa. Shi ne ya ƙago wasan dirowa daga kan doki a kama ƙahon sa a kayar da shi, wasan da har gobe yana cikin manyan wasannin da ake gasa a kansu a filayen rodeyo.

Kada mai karatu ya rikita wannan kalma da akwatin rediyo. Rodeyo kalma ce da Amurkawa suka aro daga Sifaniyanci, asalin ma'anarta kewaye shanu a tattara su wuri guda. Daga baya sai ta zama sunan taron da makiyaya kan yi don gwada gwaninta: hawan ɗanyen doki mai tutsu, jifan maraƙi da igiya mai zarge, hawan bijimi, da sauransu. Mutanen da suke cin abinci a wannan fili iri biyu ne. Akwai masu gasa, waɗanda alƙalai ke auna su da agogo a ba wanda ya ci kuɗi da kambi. Akwai kuma 'yan wasa da masu shela da masu barkwanci, waɗanda ake ɗauka haya don su riƙe hankalin 'yan kallo. Yawancin rayuwar Pickett a rukuni na biyu ya yi ta, ba kuwa don ya rasa gwanintar shiga na farko ba.

An haife shi ran 5 ga watan Disamba na 1870 a wani ƙauye da ake kira Jenks Branch, arewa maso yamma da birnin Austin, hedkwatar Teksas. Ƙauyen na 'yantattun bayi ne, domin a lokacin shekara biyar kacal ke nan da sojojin gwamnatin tarayya suka iso Galveston, ran 19 ga Yuni na 1865, suka yi shelar cewa bauta ta ƙare a jihar. Mahaifinsa, Thomas Jefferson Pickett, a cikin bauta aka haife shi. Zuriyarsu gauraye take da jinin baƙaƙe da na Turawa da na ƙabilar Cherokee, ɗaya daga ƙabilun 'yan asalin ƙasar waɗanda Turawa ke kira Jajayen Indiyawa. 'Ya'ya 13 Allah Ya ba Thomas da matarsa Mary, Bill shi ne na biyu. Karatunsa bai wuce aji biyar na firamare ba, sai ya ajiye allo ya shiga aikin ƙodago a gandun shanu na maƙwabta.

A can ne ya ga abin da ya zama silar arzikinsa da wahalarsa gaba ɗaya. Dajin tsakiyar Teksas sarƙaƙƙiya ce, wani wurin igiya ba ta jefuwa saboda ƙaya da rassa. Saboda haka makiyaya suna kiwon wasu karnuka ƙarfafa masu faɗin muƙamuƙi da ake kira buldog. In sa ya ɓalle ya shige kurmi, sai a saki karen, ya yi tsalle ya cafki leɓen sama na san ya riƙe. Leɓen sa wuri ne mai jijiyoyi, da zarar an damƙe shi sai dabbar ta sandare, kome girmanta, har makiyayi ya iso ya ɗaure ta. Yaron ya tsaya ya yi nazari, ya ga cewa karen da bai kai nauyin ɗan akuya ba yana tsayar da san da ya ninka shi sau goma ko fiye, ya ce a ransa abin da kare ya iya mutum ma zai iya. Ya fara gwadawa da maruƙa, har ya kai ga manyan shanu.

Ga yadda yake yi bayan da ya ƙware. A saki sa ya fita a guje, shi kuma ya bi shi a sukuwane har dokinsa ya yi kafaɗa da shi. Sai ya zare ƙafa daga likkafa ya zame daga sirdi ya faɗa wuyan san, ya kama ƙahonin biyu, ya kafa dugadugansa a ƙasa yana turjiya har gudun ya mutu. Daga nan ya murɗe wuyan har hancin ya dubi sama, ya sunkuya ya dasa haƙoransa a leɓen, sa'an nan ya saki hannuwansa duka biyu ya ɗaga su sama don jama'a su shaida, ya yi baya da nauyin jikinsa, sa ya biyo shi ya faɗi rim. Wanda ya taɓa ganin hawan ƙaho irin na mahautanmu ya san irin ƙarfin zuciyar da ake bukata kafin mutum ya sa ƙirjinsa tsakanin ƙaho biyu. Bambancin shi ne a nan babu igiya a ƙafar san, babu mutane masu ja ta baya, kuma abin a guje ake yinsa. Pickett kuwa ba wani ƙato ba ne. Tsayinsa ƙafa 5 da inci 7, nauyinsa wajen laba 145. Saboda karen da ya koya daga gare shi, har yau makiyayan Amurka da sunan buldog suke kiran wannan wasa.

Wajen 1888 iyalin suka koma garin Taylor, inda Bill ya nuna wasansa a bajekolin garin. Shi da wasu 'yan'uwansa suka kafa ɗan kamfani na horar da ɗanyun dawaki da kama shanun da suka gagara. A 1890 ya auri Maggie Turner, suka haifi 'ya'ya 9, maza biyu suka rasu suna jarirai, mata bakwai suka rayu. Mutumin da ake kwatanta shi a takardun talla kamar wani dodo, a garinsu dattijon cocin Baptist ne mai iyali, yana ɗiban auduga in aikin shanu ya yi ƙaranci.

Lokacin da ya taso, zamanin kora shanu mai nisa ya riga ya zo ƙarshe. Jirgin ƙasa ya iso Teksas, waya mai ƙaya wadda aka yi wa rajista a 1874 ta kakkange makiyaya, dubban kaboyi suka rasa abin yi. Sai ga shi kuma mutanen birane sun kamu da sha'awar ganin rayuwar da ke ɓacewa. A 1883 Buffalo Bill Cody ya buɗe wasansa na Yammacin Daji, yana yawo da makiyaya da Jajayen Indiyawa da bauna gari gari, har ya ƙetare teku ya kai Ingila a 1887. Garuruwan kiwo su ma suka fara shirya gasa ta shekara shekara ana karɓar kuɗin ƙofa: Prescott a 1888, Cheyenne a 1897. Sana'ar da ta mutu a daji ta farfaɗo a gaban 'yan kallo.

A nan ne mai shela ya zama babban mutum. A wancan zamani babu lasifika. Filin kuwa yana da faɗi, ƙura ta turnuƙe, ɗan kallon da ke can saman benci ba ya bambance fuskar mahayi, balle ya san ko wane ne shi. Abin da mai shela ya gaya masa, shi ne abin da ya gani. Mai shelar yakan hau doki ya zagaya fili, ko ya tsaya bisa dakali da wani bututu na kwali mai faɗin baki, ya faɗi sunan mahayi da garinsu, ya zuga dabbar da za a saki ya ce ta kashe mutum kaza, ya cike gurbin shiru da barkwanci in an yi jinkiri. Aikinsa ya yi kama da na sanƙira a gidan biki, sai dai shi wanda ya shirya taro ne yake biyansa, kuma abin da zai cika benci shi zai faɗa. Wanda ake ɗauka uban wannan sana'a shi ne wani mai suna Clancy, wanda ya fara a San Angelo ta Teksas a 1898, bayan doki ya kayar da shi a gasa aka ga muryarsa ta fi hawansa amfani. Saboda ƙarfin muryar aka yi masa laƙabi da jiniyar jirgin ruwa, ya shekara wajen 50 yana wannan aiki. Masu barkwanci kuma da farko ban dariya kawai suke yi, da alfadari da tufafi masu yage yage. Sai a shekarun 1920, da aka shigo da bijimai masu tozo 'yan asalin Indiya waɗanda kan juyo su nemi wanda suka kayar, aikinsu ya koma na ceton rai, su shiga tsakanin sa da mahayin da ke ƙasa.

Pickett ba mai yawan magana ba ne, saboda haka dole ya jingina da masu baki. Na farko wani mai gandun shanu ne na Teksas, Lee Moore, wanda ya riƙa kai shi bukukuwa wajen 1900. Bayansa sai Dave McClure, gwanin talla, wanda a 1903 ya laƙaba masa sunan da ya bi shi har kabari, ma'anarsa Baƙin Aljani. A 1904 suka je babban taron Cheyenne a Jihar Wyoming, Pickett ya kayar da sa da haƙori a gaban dubban mutane, jaridu har na gabashin ƙasar suka ɗauki labarin. A 1905 wani saurayi ɗan Jihar Niyok mai suna Guy Weadick ya zama mai yi masa shela, suka zagaya har yammacin Kanada. Weadick ɗin nan shi ne daga baya, a 1912, ya kafa taron Calgary, wanda ya zama ɗaya daga manyan tarukan rodeyo na duniya. Watau mai shela ya zama mai taro, wanda ake yi wa shelar kuwa yana nan ɗan haya.

Laƙabin nan na aljani ya cancanci a tsaya a kansa. Ya sayar da tikiti, babu shakka, kuma Pickett ya ci abinci da shi. Amma abin da yake gaya wa Baturen da ke zaune a benci shi ne, abin da za ka gani ba gwaninta ba ce irin ta makiyayi ɗan'uwanka, wani abin al'ajabi ne na halitta dabam. Mutumin da ya yi shekaru yana auna gudun doki da na sa, ya san daidai lokacin da zai saki linzami da kusurwar da zai murɗa wuya, sai aka mayar da shi abin kallo kamar zakin da ke cikin keji. In kuwa aka zo wurin gasa mai kuɗi, sai ƙofa ta rufe. A 1896 Kotun Ƙoli ta Amurka ta halatta raba baƙi da fari a wuraren jama'a, kuma masu shirya gasa da yawa ba su yarda baƙar fata ya kara da Bature ba, ko da babu doka a rubuce. Domin a samu a shigar da shi, sau da yawa akan gabatar da shi a matsayin Ba'indiye ko mutumin Meziko. Jinin Cherokee yana da shi, gaskiya ne, amma ba don girmama kakanninsa ake faɗar haka ba. Wanda kuma aka bari ya shiga, sai ya gamu da alƙalai. A gasar Pendleton ta 1911 wani baƙin mahayi, George Fletcher, ya yi hawan da 'yan kallo suka tabbata shi ne na ɗaya, alƙalai suka ba Bature, har shugaban 'yan sandan gundumar ya yayyanka hular Fletcher ya sayar wa jama'a ƙyalle ƙyalle aka tara masa kuɗi.

A 1905 ne kuma ya haɗu da mutanen da zai ƙare rayuwarsa a hannunsu. Zack Miller ya gan shi a bajekolin dabbobi na Fort Worth ya gayyace shi Oklahoma. Zack da 'yan'uwansa Joe da George su ne magadan gandun da ake kira 101, wanda mahaifinsu ya kafa a 1893 a ƙasar ƙabilar Ponca, wanda kuma ya bunƙasa har ya kai eka wajen 110,000. Ran 11 ga Yuni na 1905 suka shirya gagarumin wasa don karrama taron editocin jaridun Amurka. Jiragen ƙasa suka yi ta sauke mutane har aka ƙiyasta 65,000. Aka ɗauko tsohon jarumin ƙabilar Apache, Geronimo, wanda a lokacin fursunan yaƙi ne a barikin Fort Sill, aka sa shi ya harbi bauna don nishaɗin baƙi. Pickett ya yi nasa wasan a gaban ɗaruruwan 'yan jarida, kowa ya koma gida ya rubuta. Daga 1907 ya zama cikakken ma'aikacin kamfanin wasan 101, a shekara mai biye ya kwaso iyalinsa zuwa Oklahoma. Sai a lura, a 1907 ɗin nan Oklahoma ta zama jiha, kuma dokar farko da majalisar dattijanta ta gabatar ita ce ta raba baƙi da fari a taragon jirgin ƙasa. Kamfanin da jirgin ƙasa yake yawo.

Abokan aikinsa na wancan lokaci sun isa a ambata, domin inda kowa ya ƙare yana da abin lura. Tom Mix, wanda ya yi aiki a gandun 101, ya tafi Hollywood ya zama sarkin finafinan kaboyi, yana cikin 'yan wasan da suka fi kowa albashi a shekarun 1920. Will Rogers, ɗan ƙabilar Cherokee gwanin igiya, wanda a 1905 ya yi suna a Niyok da ya zarge wani san da ya haura cikin 'yan kallo a zauren Madison Square, ya gane cewa jama'a sun fi son barkwancin da yake yi yana juya igiya fiye da igiyar kanta. Bakinsa ya kai shi dandamali, ya kai shi shafukan jaridu da rediyo, har ya zama mutumin da shugabannin ƙasa ke sauraro. Pickett ya fi su duka abin da ba a taɓa gani ba, amma hanyoyin nan biyu a toshe suke gare shi.

Abin da ya faru a birnin Meziko a watan Disamba na 1908 shi ne ya fi kome nuna matsayinsa. Kamfanin ya je can ciniki bai yi kyau ba. Joe Miller, don ya ja hankalin jama'a, ya shiga cacar baki da 'yan wasan sa na ƙasar a jaridu, yana cewa babu ɗayansu da zai iya abin da baƙin makiyayinsa yake yi. Mutanen Meziko kuwa wasan sa a wurinsu abin alfahari ne na ƙasa, mai ƙa'idoji da tufafi da ladubba tun daga Sifen. Magana ta kai ga caca: Miller ya sa peso 5,000 cewa Pickett zai riƙe bijimin faɗa da hannu har minti biyar. Bijimin faɗa dabam yake da san kiwo. Tun kakanninsa don suka ake kiwonsa, wuyansa kauri gare shi ba ya murɗuwa, ƙahonsa kuma tsini ne da shi kamar mashi.

Ran 23 ga wata aka taru a babban filin El Toreo, mutum wajen 25,000, kusan dukansu sun zo ne su ga an kashe baƙo. Aka saki wani bijimi mai suna Frijoles Chiquitos, watau Ƙananan Wake. Tun kafin Pickett ya samu shiga, bijimin ya soki dokinsa Spradley, wanda yake ƙauna ƙwarai. Ya diro ya rungumi wuyan dabbar, ƙirjinsa tsakanin ƙahoni. Kayarwa ba ta yiwu ba. Bijimin ya yi ta jijjiga shi yana maka shi da bango, shi kuwa ya maƙale. Da jama'a suka ga minti yana wucewa bai mutu ba, sai suka ɗauki abin cin mutunci ne ga wasansu, suka fara jifa da matasan zama da 'ya'yan itace da duwatsu da kwalabe. Wata kwalba ta same shi a haƙarƙari ta karya masa ƙashi. Minti biyar ya cika, mai ƙararrawa ya ƙi bugawa. Sai da ya wuce minti bakwai yana riƙe, ƙarfinsa ya ƙare ya saki, wani makiyayi abokin aikinsa ya tuɓe riga ya kaɗa wa bijimin ya janye hankalinsa, aka samu ya fita da rai. Sai da dakaru suka shiga tsakani kafin Amurkawan su bar filin. Dokin ya warke, mai dokin ma ya warke. Kuɗin ƙofa da sunan da kamfani ya yi suka tafi wurin masu kamfani, shekara da shekaru masu shela suna ba da labarin a kowane gari. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Bayan wannan ya ci gaba da yawo da kamfanin a Amurka da Kanada, ya je Amurka ta Kudu a ƙarshen 1913, sa'an nan Landan a 1914, inda suka yi wasa a babban bajekolin Ingila da Amurka, har 'yan gidan sarauta suka zo kallo. Masu kare haƙƙin dabbobi na Ingila ba su ji daɗin wasansa ba, suka kai ƙara, aka ci tara. A nan mai rubutu ba zai ɓoye ba, suna da hujja: cizon leɓe azaba ne ga dabba, kuma shi kansa mai cizon ya yi asarar haƙora a sana'ar. Tafiyar ta yanke ne a watan Agusta da Yaƙin Duniya na Ɗaya ya ɓarke, gwamnatin Ingila ta karɓe dawakin kamfanin da motocinsa don aikin soja, 'yan wasa suka nemi jirgin komawa gida kowa ta kansa.

A halin nan wasan da ya ƙago ya riga ya fita daga hannunsa. Makiyaya Turawa sun koya, wasu har da cizon, daga baya aka hana cizo aka bar murɗiya da ƙarfin hannu. Aka tsara masa ƙa'ida: a ba sa 'yar tazara kafin mahayi ya fita, a sa mahayi na biyu a ɗaya gefen don kada san ya kauce, agogo kuma ya tsaya sa'ad da dabbar ta kwanta ƙafafunta huɗu suna duban gefe guda. Gwanayen yau sukan gama cikin daƙiƙa uku zuwa biyar. Ana naɗa zakaran duniya a wannan wasa kowace shekara tun 1929. Sunan wanda ya ƙago shi ba ya cikin jerin.

A 1921 wani mai shirya finafinai na Jihar Florida, Richard Norman, wanda ke yin finafinai da baƙaƙen 'yan wasa don gidajen silima na baƙaƙe, ya ɗauke shi a fim biyu, The Bull-Dogger da The Crimson Skull. An ɗauki hotunan a yankin Boley, wani gari na baƙaƙe zalla a Oklahoma. Wannan ne karo guda da aka tallata shi da sunansa da launinsa a matsayin gwarzo, ga mutanen da suke ganin kansu a jikinsa. Finafinan sun ɓace, sai 'yan guntaye da takardun talla suka rage.

Ƙarshen ya zo a jere. Joe Miller ya rasu a 1927, George ya rasu a haɗarin mota a 1929, a wannan shekarar kuma Maggie matar Pickett ta rasu bayan zaman aure na kusan shekara 40. Silima da rediyo sun janye 'yan kallo, sa'an nan tattalin arzikin Amurka ya durƙushe. A watan Agusta na 1931 kamfanin wasan 101 ya tsaya cik a birnin Washinton, babu kuɗin biyan ma'aikata. A watan Maris na 1932 masu bin bashi suka zo yin gwanjon kayan gandun. Zack, wanda ba shi da lafiya, ya so a ware dawakinsa na kansa daga waɗanda za a sayar, Pickett kuma, yana da shekara 61, ya shiga shinge da igiya don ya yi masa wannan aiki. Ya zarge wani ɗanyen doki, dokin ya yi tsaye ya kayar da shi ya harbe shi a ka. Ya yi kusan mako biyu cikin dogon suma a asibitin Ponca City, ya cika ran 2 ga Afrilu na 1932.

Will Rogers ya sanar da rasuwarsa ta rediyo. Zack Miller ya rubuta masa waƙar makoki, wadda ko a cikinta yabon ya ginu ne bisa ɗaukar baƙar fatarsa kamar wani aibi da kyawun halinsa ya wanke. Aka binne shi bisa wani tudu kusa da garin Marland, dab da hasumiyar duwatsu da aka gina don tunawa da White Eagle, sarkin ƙabilar Ponca.

Girmamawa ta biyo baya a hankali. A 1971 aka shigar da sunansa zauren tunawa da gwanayen rodeyo da ke birnin Oklahoma, shi ne baƙar fata na farko da aka yi wa haka. A 1982 Charles Sampson ya zama baƙar fata na farko da ya ci kambin duniya a gasar ƙwararru, a hawan bijimi, shekara 50 cif bayan rasuwar Pickett. A 1984 wani mai shirya wasanni, Lu Vason, ya kafa gasar baƙaƙen makiyaya mai yawo gari gari ya sa mata sunan Bill Pickett. A 1989 ƙungiyar ƙwararrun 'yan rodeyo ta shigar da shi nata zauren a Colorado Springs, an kuma kafa mutum-mutuminsa na tagulla a tsohuwar kasuwar shanu ta Fort Worth, yana riƙe da ƙahon sa.

A ƙarshen 1993 hukumar gidan waya ta Amurka ta nuna wa jama'a wasu kan sarki guda 20 na tunawa da mashahuran Yammacin ƙasar, ɗaya da sunan Bill Pickett. An riga an buga fiye da faranti miliyan 5 an rarraba wa gidajen waya, sai zuriyarsa suka fito suka ce mutumin da ke jikin hoton ba kakansu ba ne, ɗan'uwansa Ben ne. Da aka bincika sai aka tarar gaskiya suka faɗa: mai zanen ya kwafo ne daga wani tsohon hoto da littattafai suka daɗe suna bugawa da sunan Bill, ba wanda ya tambayi iyalinsa. Hukumar ta janye kan sarkin, ta sa aka sake zane da fuskarsa ta ainihi, aka fitar a watan Oktoba na 1994. Domin ta rage asara, ta sayar wa masu tara kan sarki faranti 150,000 na masu kuskuren ta hanyar ƙuri'a, sauran kuma aka lalata su.